Abin da Ke Ƙarƙashin Faranti

A duk garin Stoke, cibiyar masu yin farantan tangaran a Ingila, Mista Cyril Bagguley kaɗai ne bai taɓa kifa faranti ya duba tambarin kamfani ba. Ba ya bukata. Shekara talatin yana gasa faranti a kamfanin Larkhill, kuma ya sha faɗa cewa yatsansa ya isa ya bambance nasu da shara.

'Yarsa Mavis, mai zana furanni a bakin faranti, tana kifawa kamar kowa. A haka ta haɗu da Stanley a shagon shayi. Tare suka kifa, sai dai shi ya manta akwai kek a kan nasa.

"Namu ne, na kamfanin Ashgrove," ya ce, yana tsintar kek a cinyarsa.

"Shi ya sa kek ɗin ya gudu," in ji ta.

Bayan mako biyu ya aiko mata ƙaramin faranti, da rubutun da ya karta a ƙasansa kafin a gasa, ya fara da sunan da mutanen Stoke ke kiran masoyi: "Agwagwata, maganar nan ta shiga wuta ta fito, ba ta gogewa. Ki aure ni."

Mista Bagguley ya ce 'yarsa ba za ta auri mai gasa shara ba. Da ƙyar matarsa Edna ta sa aka gayyaci yaron cin abincin Lahadi, ko don a kore shi cikin mutunci.

"Taɓa ka ji, yaro," Mista Bagguley ya ce bayan an cinye, yana ƙwanƙwasa farantinsa. "Larkhill. Shekara ashirin, ko tsaga babu. Naku zai iya?"

Hannun Stanley ya yi abin da ya saba. Ya kifa, ya ga tambarin Ashgrove.

Mavis ta taka masa ƙafa. Tun tana ƙarama ta sani: na Larkhill sun tsattsage a shekarar farko, uwarta ta musanya su ɗaya bayan ɗaya da masu kama da su, ta kuma hana mijinta kusantar wanke-wanke. Hanin bai wahalar da shi ba.

Edna ta ƙura wa tebur ido.

Stanley ya ɗora babban yatsa a kan tambarin. "Larkhill ne, Baba. Namu ba zai iya ba."

"Yaron nan yana da hankali," in ji Mista Bagguley.

A watan Yuni aka ɗaura auren a coci. Edna ta riƙe hannun angon, ta daɗe tana sa masa albarka.

Tun daga nan, kowace Lahadi Stanley yakan ji surukinsa na cewa aikinsa shara ne. Sai ya gyaɗa kai, ya suɗe farantin, ya ɗauki tawul ya bi Edna kicin.