Ɓurɓushin Ƙarfe a Shagon Zayyad

Da azahar aka tsinci gawar Malam Muntari a gonarsa ta Gude, an rotse masa kai. Kafin Sufeto Badaruddeen ya iso daga Kabo, 'yan banga sun ɗaure Baƙo makiyayi sun yi masa jina-jina, don kawai an ga shanunsa a kusa. Haka mutanenmu suke, duka tukuna, tambaya daga baya.

Sufeto ya duƙa kan gawar. A wuyan rigar ya zaro wani siririn ƙarfe a nannaɗe, irin wanda injin sassaƙar ƙarfe ke zubarwa.

"Ƙanensa Zayyad ke da irin injin a Gwarzo," in ji mai unguwa. "Sun daɗe suna rigima kan gonar nan."

A Gwarzo, Zinnira mai abinci ta rantse tun hantsi take jin ƙugin injin Zayyad.

"Da safe kuma mai gwangwan ya kwashe ɓurɓushin shagon tas, ranka ya daɗe. A nan ya ci waina, har da ƙorafin miya."

Zayyad kuwa hawaye yake matsowa da ƙyar.

"Yallaɓai, tun hantsi ban ɗaga daga sassaƙar sandar injin niƙan nan ba sai da aka kira sallar azahar."

"Wannan tsohon gwangwanin yana cin ƙarfe kuwa?" in ji Sufeto, yana nuna injin sassaƙar.

Nan take hawayen suka bushe.

"Gwangwani? Duk Gwarzo ba mai irinsa!"

Ya shiga zayyana zurfin yanka, da tafiyar wuƙa, da gudun ƙarfe a bakinta. Sufeto ya ninka ukun a wayarsa, sannan ya sa shi ya kunna na minti ɗaya. Ɓurɓushi ya cika tafin hannu.

"Lissafi ya yi daidai," in ji Sufeto. "To daga hantsi zuwa azahar ai ya ci a cika daro. Ina yake?"

Zayyad ya leƙa ƙarƙashin injin. Abin da ke wurin ko kwano bai kai ba.

"Injin ka bari yana juya iska, ka hau babur zuwa Gude."

Zayyad ya zube ƙasa.

"Gonar ce, Yallaɓai. Ya ce ba zai sayar ba."

Sufeto ya tofar da yawu. Uwa ɗaya, uba ɗaya, kan 'yar gonar dawa.

"Kofur, sa masa ankwa. Ka kira Kabo, a kwance Baƙo a kai shi asibiti. Waɗanda suka dake shi kuma su jira ni."