Sunan Da Hajiya Tasalla Ba Ta Faɗa

Daƙiƙa huɗu kacal na'urar Majiɓinci ta ɗauka kafin ta yanke hukunci a kan sauran rayuwar Hajiya Tasalla. Allon da ke bangon ofishin ya yi kore, muryar na'urar ta sanar cewa daga yau Mudassir, autan Hajiya, shi ne waliyyinta, kuma an amince da buƙatarsa ta kai ta gidan jinyar tsofaffi. Barira, 'yar farin Hajiya, ta duba jerin sunayen da ke allon ta ga ita ce ta tara. Har mai yi wa tsohuwar kitso ta fi ta matsayi.

A shekarar 2094 an daɗe da daina kai irin wannan magana gaban alƙali a Sabuwar Zariya. Masanan kamfanin Tsinkaya sun ce alƙali yana da son zuciya, dangi kuma ba a rasa su da ƙarya. Sai suka ƙera wata 'yar na'ura kamar ƙwayar dawa, ana maƙala wa duk wanda ya kai sittin a bayan kunne, tana naɗe duk abin da ya fito daga bakinsa. Ranar da likita ya tabbatar hankalin mutum ya gushe, sai Majiɓinci ta tattara maganganunsa na shekaru, ta auna wanda ya fi ƙauna, ta damƙa shi a hannunsa. Ma'aunin kuwa shi ne yawan ambaton suna da yawan yabo. Iyakar zurfin tunanin da digirorinsu suka kai su ke nan.

Jami'in da ke kula da na'urar, Injiniya Lurwanu, wani mai siririn gemu ne da ba ya iya duban mutum sai allo. Ya nuna wa Barira cewa cikin shekara goma sha ɗaya Hajiya ta ambaci Mudassir sau dubu arba'in da ɗoriya. Ita kuwa ko sau ɗaya. Ya ƙara da cewa an lura duk sanda ta shigo, Hajiya takan gajarta amsa gaisuwa.

Barira ta danne zuciyarta ta yi masa bayanin abin da kowace tsohuwa a unguwarsu ta sani. Ita 'yar fari ce, kuma uwa irin Hajiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane, saboda kunya. "Waccan" take ce mata, ko "yarinyar nan". Waccan ɗin ce kuma take tuƙa mata tuwo, take yi mata wanka, take bin ta lungu-lungu tun da ta fara fita ba takalmi tana neman gidan mahaifinta da aka rushe tuntuni.

"Wannan ai al'ada ce, baiwar Allah," in ji Lurwanu, yana murmushin da ake yi wa ƙauyawa. "Na'ura ba ta auna abin da ba a faɗa ba."

Ta juya wajen ƙaninta. Mudassir ya san gaskiyar maganar sarai, a gidan ya tashi. Amma tun ranar da ya kawo baƙinsa gidan, tsohuwar ta fito tsakiyarsu da ɗankwali a hannu ta tambaye su ko sun ga akuyarta, yake neman inda zai ɓoye ta. Mutumin da ko da Sallah sai dai ya aiko da hotonsa mai motsi ya gaishe ta, yau shi ne ɗan albarka da shaidar na'ura. Ya gyara zaman hularsa ya ce shi ba ya jayayya da kimiyya.

Aka kai Hajiya hawa na talatin a gidan jinyar, inda mutum-mutumi ke ba da abinci a kan lokaci, ba gaisuwa ba hira. Barira aka ba ta minti goma sha biyar a mako, ta bayan gilashi.

A zuwanta na uku, tun daga baranda ta ji muryar uwarta. Ciwon da ya cinye hankalin ya haɗa da kunyar ya cinye.

"Barira. Ina Barira? Ku kira mini Barirata."

Shekararta hamsin da biyu a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Ta dafa gilashin ta yi kuka har lokacinta ya ƙare, sannan ta wuce ofishin Lurwanu kai tsaye ta ce ya duba yanzu, tunda ƙirga yake so.

Ya duba. Sau dubu uku cikin mako biyu. Sai dai, in ji shi, doka ta ce duk maganar da mutum ya yi bayan ranar da likita ya sa hannu ba ta da nauyi, domin ba a cikin hayyacinsa ya yi ta ba. Majiɓinci ma ta riga ta lura da yawan maimaita kalma ɗaya, ta sanya shi cikin alamomin firgita, ta ba da umarnin a ƙara maganin kwantar da hankali. Ya faɗi haka yana alfahari da saurin na'urarsa.

Da mako ya zagayo Barira ta koma. Ta tarar da uwarta a kan kujera, an yi mata wanka tsaf, kai ya langaɓe gefe, baki a rufe. Ta ƙwanƙwasa gilashin, ta faɗi sunanta da kanta, tsohuwar ba ta ɗago ba. A saman ƙofar ɗakin, allo ya yi kore, yana nuna cewa mara lafiya ta samu sauƙi.