Ɓaunar da Hadari Ke Bi

Tun zakara bai yi cara ba Cindo ya ɗaura warki, ya rataya kwari, ya ɗauki baka da barandami. Da ya miƙe gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Matarsa Tasalla ta miƙa masa goran ruwa da ƙullin dawo, ta yi masa fatan dawowa lafiya. Ya bi ta gefen gonaki ya fita, yana jin ƙasa na ƙuna ta cikin takalminsa, alhali rana ba ta fito ba.

A nahiyar Tsamarga ba zagayowar watanni ke kawo damina ba. Garken ɓauna guda ɗaya ne hadari ke bi, inda suka sa gaba nan ruwa ke zuba. Kudu daji ne mai duhu, nan suke haihuwa, shi ya sa kullum a jiƙe yake. Arewa fako ne na gishiri, fari fat, ko tsiron ciyawa babu, sai masu haƙa da jakunansu. Gabas Tudun Maiwa ne, ƙasar su Cindo, manoman hatsi. Yamma kuwa Kwarin Baba, masu auduga da rini. Mai gishiri na ba da gishiri ya karɓi hatsi, mai hatsi ya karɓi zane, haka ake rayuwa. Amma idan garke ya baro kudu ya iso Mararraba, ɓangare ɗaya zai nufa, ɗayan ya rungumi haƙuri.

Bara yamma suka yi, bara waccan ma haka. Bana mutanen Tudun Maiwa sun kwashe ɗan irin da ya rage a rumbu sun yi binne a busasshiyar ƙasa. In ruwa bai zo ba, gara da tsuntsaye za su cinye, babu abin shukawa kuma. Shi ya sa dattawa suka sake tuna da Cindo, wanda tuni ya so ya rataye bakansa ya huta.

Dabarar tsohuwa ce. Garke uwa ɗaya yake bi, kuma in aka kashe ta, sauran sukan guje wa ɓangaren da kibiya ta fito. Don haka maharbin gabas sai ya zagaya ta bayan garke ya tsaya a yamma, ya harbo daga can.

Cindo ya yi ta tafiya har ya daina tuna yaushe ya baro gida. Ƙaya ta ƙare, marke da ƙirya suka fara, ƙasa ta soma laushi. Sannan ya ga sawu: kofato masu faɗin faifai, cike da ruwa, kwaɗi na tsalle a ciki. Kashin da suka bari har yanzu yana tururi. Can gaba hadari ya yi baƙi ƙirin, ya sauko ƙasa-ƙasa, yana gurnani a hankali. Abin da ya karya masa zuciya ƙanƙantar hadarin ne. Yana saurayi hadarin yakan rufe rabin sama, yanzu kuwa da tafin hannu sai ya kare shi.

A tsakiyar wannan taɓo, yana tsallaka sawun garke zuwa yamma, ya ci karo da wani yana tsallakawa zuwa gabas. Arzika ne, maharbin Kwarin Baba, tsoho kamarsa, hannayensa shuɗi da rini. Sun san juna sarai, don ba yau suka fara wannan giftawa ba. Suka zauna a kan wani kututture, suka dama dawo a ƙoƙo ɗaya. Arzika ya ce audugarsu ta tsaya iya gwiwa tana neman ruwa, ramukan rini sun ƙafe, fatake sun daina zuwa. Cindo ya ba shi labarin binne. Babu wanda ya roƙi ɗan'uwansa, kowa ya san an aiko shi ne.

Da za su tashi Arzika ya dubi hadarin ya ce, "Malam Cindo, kowace shekara sai mun rage uwa ɗaya. Ranar da suka ƙare, wa za mu harba?"

Cindo ya ce, "Ni dai na gaji, wallahi. Amma yara na jira."

Ya yanke hanya ya riga garken isa Mararraba, ya hau dutsen yamma da rarrafe, ya laɓe a bayan wata sarƙaƙiya. Ya zaro kibiya mai kunne, ya duba dafin da ke bakinta, ya rufe tsarkiya da gefen warki kada ta jiƙe. Yayyafi ya soma, sannan ƙasa ta fara rawa. Suka ɓullo, baƙaƙe, ruwa na gangarowa daga ƙahonninsu, uwar na gaba, tsohuwa mai karyayyen kunne. Duk maharbin da ya san aikinsa lokaci ɗaya yake jira: sa'ad da za ta tsaya a bakin Mararraba ta ɗaga kai ta shaƙi iska, maƙogwaro a buɗe. Cindo ya sani, Arzika ma ya sani.

Ta ɗaga kai. Cindo ya saki tsarkiya. Kibiyarsa ta shige ta hagu, ya kuma ga wata ta shige ta dama.

Uwar ta durƙusa. Garke ya tsaya cak, mutuwa ta fito gabas, ta fito yamma. Sai suka zabura gaba, suka cusa kai cikin matsatsin da ke tsakanin duwatsu, hanyar da ba su taɓa bi ba. Wani bijimi ya hauro dutsen a makance, ya tumɓuke sarƙaƙiyar, ƙahonsa ya yage kwarin daga bayan Cindo. Da bai faɗa cikin wani tsagi ba, da nan aka gama da shi.

Da ya fito, hadari ya yi arewa. Can nesa yana zubar da ruwa a kan fako, inda ba ya tsirar da komai, sai narkar da gishirin mutane. Tsofaffin biyu suka sauko suka tsaya a kan gawar. Arzika ya yanke wutsiya da wuƙarsa, ya miƙa wa Cindo, ya ce shi ba zai iya shiga gari da ita ba.

Cindo ya koma yana jan ƙafa. Masu tsaron gonaki suka hango wutsiya a hannunsa, suka ruga da albishir, don ita ce shaidar an kashe uwa. Kafin ya kai ƙofar gari mata sun fara guɗa, ana fito da tukwane da kwatanniya ana jerawa a tsakar gida. Ya ɗaga hannu don ya tsayar da su, guɗa ta danne muryarsa.

Tasalla ta ratso taron. Ta san maharbin da ya juyo da garke a jiƙe yake shigowa, ruwa na dukan bayansa. Ta kai hannu ta shafa kafaɗarsa, ƙura ta tashi. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya ta ce wa maƙwabciyarta, "Mayar da tukwanen ciki."