Goyon Kukar Bakin Dam

Ilisha malamin daji ne. Shi ke kula da gandun dajin da ya taso daga bayan Gazara, ya bi gindin duwatsu har bakin dam ta wajen Ikara. Shekara goma sha ɗaya yana bin turbar nan, ya san kowane kwazazzabo da ke cikinta.

Wata Alhamis a bazarar 1984 ya kai rahoto ofis a Ikara. Da ya fito babu mota, mai ya yi wuya. Sai ya ce bari ya yanke ta daji da ƙafa. La'asar ta yi sanyi. A bakin gari ya tarar da Ashafa mai ɗiban zuma, shi ma Gazara ya nufa.

Akwai magana a tsakaninsu da ba wanda ke son tayarwa. Lokacin soja ne, sukari ya ɓace sai an yi layi, mazarƙwailar Makarfi ma ta yi tsada, zuma ta zama abin nema. Mako biyu kafin nan Ashafa ya je wata tsohuwar kuka mai kogo a bakin dam. Bobbo, wani dattijon makiyayi da ke da ruga kusa, ya tare shi.

"Shanuna ba sa shan inuwar itacen nan," in ji shi. "Akwai masu gida a ciki."

Ashafa ya yi dariya. Maimakon ya yi hayaƙi kaɗan kamar yadda ake yi, sai ya cusa busasshiyar ciyawa cike da kogon ya ƙyasta ashana. Kwana biyu kukar tana ci ta ciki. Ilisha ya hango hayaƙin ya zo, Ashafa ya miƙa masa kwalba guda ta zuma. Matar Ilisha, Selina, tana jego, kununta babu zaƙi. Ya karɓa. Bai rubuta komai a rahoto ba.

Suka kama hanya. Ganye busasshe na ƙara a ƙarƙashin takalmansu. Gyare na kuka ta ko'ina. Da suka kai inda turbar ta rabu biyu, ɗaya ta gindin kukar, ɗaya ta kan dutse, Ashafa ya tsaya.

"Malam Ilisha, mu bi ta kan dutse."

"Ta fi nisa. Magariba za ta same mu."

"Na sani. Mu bi ta can dai."

Suka hau. Dutsen na fitar da zafin da ya sha da rana. Suka wuce wani shimfiɗaɗɗen dutse, suka ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, turbar ta gangara. Ilisha ya san daga nan sai gonakin Gazara.

Sai ya ji warin laka.

Ruwan dam ne shimfiɗe a gabansu, ja kamar an zuba manja. Ga kukar a tsaye, cikinta baƙi ƙirin.

"Ka ɓatar da mu," in ji Ashafa.

Suka juya, suka sake hawa, wannan karon yana taɓa kowane dutse da ya sani. Suka gangara.

Ruwan. Kukar.

Gyare ya yi shiru. Iska ta tsaya. Wani ƙauri ya taso, na ƙonanniyar zuma da ƙonannen gashi.

A gindin kukar wata mace na zaune da goyo. Zaninta baƙi ne, kanta a sunkuye. Tana jijjiga a hankali.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Ilisha. "Barka da yamma."

"Ku rage murya," ta ce. "Barci yake."

Akwai wani abu a ƙarƙashin maganarta, wani zuuu kamar na amya.

"Kwana goma sha huɗu ke nan bai farka ba. Ruwa na je ɗebowa. Na kwantar da shi a ɗaki, na je ɗebo ruwa."

Wani ɗan hannu ya leƙo daga cikin zanin goyon. Baƙi kamar gawayi. Duk jijjigar da ta yi, sai toka ta zubo daga yatsun.

Ashafa ya fara a'uziyya, harshensa ya harɗe. Ilisha ya nemi addu'ar da ya haddace tun yana yaro a coci, ya rasa farkonta.

"Wa ya kunna wutar?" in ji matar.

"Shi ne!" Ashafa ya nuna Ilisha. "Shi ne malamin daji. Shi ya ce a ƙona. Wallahi shi ne!"

Ta miƙe. Ta yi ta miƙewa, har kanta ya kai reshen farko.

"Ku miƙo hannuwanku."

Hannuwansu suka miƙu da kansu.

Ta sunkuyo kan tafin Ilisha. Numfashinta da zafi kamar bakin murhu. Ta shinshina.

"Zuma," ta ce.

Ta juya ga Ashafa. Ta daɗe a kan yatsunsa.

"Ashana."

Ta kwance zanin a hankali.

"Kai ka sa shi barci. Kai za ka goya shi."

Ashafa ya durƙusa kamar an danne wuyansa. Ta ɗora masa abin a baya, ta ɗaure zanin a ƙirjinsa, ta ja kullin sau biyu. Rigarsa ta fara hayaƙi. Ihun da ya yi ya bugi duwatsu ya dawo.

Sai ta waiwayo wajen Ilisha.

Ba ta da ƙwayar ido. Ƙudan zuma ne ke shiga suna fita.

"Akwai jaririya a gidanka," ta ce. "Uwarta ta sha a kunu. Ita kuma ta sha a nono."

Ilisha ya durƙusa a gabanta.

"Ni na karɓa. Ni na gani na yi shiru. Ki yi da ni. Yarinyar ba ta san komai ba."

"Nawa fa? Me ya sani?"

Ya kifa goshi a ƙasa yana kuka.



Ihun Ashafa kawai ake ji.

"Ɗago. Buɗe bakinka."

Ya buɗe.

Wani abu ya sauka a kan harshensa. Ya ji ƙananan ƙafafu suna tafiya. Sannan harbi, kamar an soka masa ƙarfe mai zafi.

Ya zabura da gudu. Ƙaya ta yage wandonsa, takalmi ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Zuuu ɗin na bin ƙeyarsa. Harshensa ya cika masa baki, numfashi sai ta hanci. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Sai ya ji warin kashin shanu, ya ji haushin kare, ya ga hayaƙin ruga.

Bobbo ne ya ja shi cikin bukka. Ya duba bakinsa, ya dubi wajen dam, bai tambaye shi komai ba. Ya ɗiɗɗiga masa madara da ludayi.

Da safe makiyaya suka tsinci Ashafa a cikin dam, ruwa har wuya, yana ƙoƙarin sanyaya bayansa. Babu zani, babu goyo. Sai ƙuna a gadon bayansa, da siffar kai, da ƙananan hannuwa biyu a kafaɗu. Aka kai shi asibiti, aka kai shi wurin masu magani. Ƙunar ba ta taɓa bushewa ba, shi kuma bai ƙara miƙewa tsaye sosai ba.

Ilisha ya yi kwana tara bai iya magana ba. Da kumburin ya sauka, ɗanɗano ya tafi gaba ɗaya. Tuwo da ƙasa ɗaya suke a bakinsa har ya tsufa. Ya rubuta abin da ya faru da kukar, da nasa laifin, ya kai ofis da hannunsa, aka canja masa wurin aiki zuwa garin Kudan. Jaririyar, Irene, ta rayu.

Bayan shekara guda suka je Makarfi ranar kasuwa, Selina na goye da Irene. A layin 'yan hatsi suka ga Ashafa. Ya rame, yana tafe a duƙe, hannuwansa biyu a baya, yana jijjiga yana cewa, "Yi shiru, yi shiru." Mata masu goyo na kauce masa.

Selina ta ja gefe don ya wuce. Sai Irene ta leƙo ta bayan uwarta. Ba fuskar Ashafa ta kalla ba. Ta kafa ido a saman kafaɗarsa, inda babu kowa, ta yi dariya, ta miƙa hannu.