Sunan Da Bappayo Ba Ya Faɗa

Ranar da Usaid ya fara ganin Hanifa, na'urar awon jini ta ɗaura masa a damtse ba tare da ta dubi fuskarsa ba. A sansanin 'yan gudun hijira na Damare kusa da Yola ne, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Ita ɗaliba ce a sashen ilimin motsa jiki na jami'a. Shi kuwa malamin wasanni ne a wata firamare da aka ƙone, takalminsa ya rabe gida biyu.

"Bugun zuciyarka ya yi yawa," ta ce. "Ka yi gudu ne?"

"Na yi."

"Daga ina?"

"Daga Mubi."

Sai lokacin ta ɗago kai. Ya so ya gaya mata cewa gudun ya ƙare tun makon jiya, abin da na'urar ke gani sabo ne. Amma mutumin da ba shi da takalmin kirki ba ya irin wannan magana.

Washegari ya dawo awo, jibi ma ya dawo. Da ta gaji da auna lafiyayyen mutum sai ta ba shi aiki. Bincikenta a kan tsofaffin sansanin ne, mutanen da suka saba noma da kiwo, yanzu suna zaune a tanti jininsu na hawa. Tana son ta san ko tafiyar sassafe za ta sauko da shi. Tsofaffin kuwa sun ce tafiyar da suka sha ta ishe su har ƙarshen rayuwa. Usaid ne ya lallaɓa su, yana gaba suna biye, ana hirar gonakin da aka baro.

Shekaru suka ja. Usaid ya samu ɗaki a Jambutu wurin kawunsa, ya koma karatu, har ya zama ƙaramin malami a sashen. Hanifa ta zama dakta. Binciken Damare ya fito a wata mujallar ilimi, sunanta a gaba kamar yadda take rubuta shi, H. Bappayo, nasa na biye.

A jami'a ba a tambayarka ko aikinka ya warkar da wani. Abin da ake tambaya shi ne masu bincike nawa suka ambace ka a cikin nasu rubutun, akwai ma shafi a intanet da ke ƙirgawa. Ƙarin girma daga nan yake fitowa. Maƙalar Damare ta zauna a shafin nan shiru, kamar rumfar da ba a kan hanya take ba.

Wata safiya saƙon Usaid ya shigo wayar Hanifa:

"Mai Awo, na duba shafin. Wani daga Indiya ya ambace mu, shi kaɗai. Kada ki damu, ni ina ambaton ki safe da yamma."

Ta amsa:

"Mutumin Mubi, naka ba ya shiga lissafin ƙarin girma. Amma ka ci gaba."

Haka soyayyar ta tafi, ba hayaniya. Ta so shi, ta kuma san tana sonsa, ta ce ya je ya gaida mahaifinta.

Akwai wanda ya riga shi zuwa. Dakta Abdulhakeem ɗan baffanta ne, malami a wata jami'ar, mai maƙalu barkatai. Yana cikin wani gungun abokai masu tsarin ka ambace ni in ambace ka, shafinsa kullum cike. Ya san gidan, ya san inda ake cire takalmi.

"In muka yi aure ki koma Misis Abdulhakeem," ya ce mata. "Duk maƙalar da na rubuta zan sa ki. Ki bar wahala da tsofaffi."

"Aikin da ban yi ba?"

"Kowa haka yake yi, ƙanwata. Shi ma yaron nan na Mubi, me kike zato yake nema? Sunanki yake raɓa."

Ba ta yarda ba, amma maganar ta samu wurin zama.

Mahaifinta, Alhaji Bappayo, tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Gwadabawa cikin Yola, Bafulatani na asali. Hanifa ce 'yarsa ta fari, saboda haka tunda aka haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa, yana kallon wani wuri. In an yabe ta a gabansa sai ya tashi. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa a Adamawa ya san ta.

Usaid ma ya san ta. Sai dai jami'a ta koya masa cewa ka yi maganar aiki ba ka faɗi mai shi ba sata ce, kuma yana son tsohon ya san darajar 'yarsa. Bayan gaisuwa a zaure, Alhaji ya tambaye shi sana'a.

"Malami ne, Baba, sashenmu ɗaya da Dakta Hanifa. Hanifa ce ta fara gano abin da tafiya ke yi wa tsofaffin da suka yi hijira. Wallahi aikin Hanifa babu irinsa. In ka ga yadda Hanifa..."

Alhaji ya dubi tabarma. Can ya ce yana da uzuri, ya shiga gida bai dawo ba.

Gogo Hansai, yayar Alhajin, ita ke isar da abin da shi ba zai faɗa ba. Ta kira Hanifa ɗaki.

"Bingel am, ɗiyata, babanki ya ce a'a. Ya ce malamin tsalle-tsalle ne, kuma ba shi da kunya. Ya zauna a zaurensa yana jefa masa sunanki kamar mai talla a kasuwar Jimeta. Ga Abdulhakeem ɗan gida."

Hanifa ta ji haushin Usaid ƙwarai, ta kuma tuna maganar ɗan baffanta. Ta rubuta masa:

"Gidanmu ba ɗakin taro ba ne. In sunana kake so, yana kan maƙala, ka ɗauka."

Amsarsa ta zo da la'asar:

"Na yi wauta, Mai Awo. Ke nake so. Sunan kuwa na mahaifinki ne, da shi aka san aikinki, ko mun yi aure ba zan taɓa shi ba. In kin ga dama ki cire nawa daga duk abin da za mu rubuta."

Ta karanta, ta ajiye wayar, ta yi kuka kaɗan. Ba ta amsa ba sai bayan kwanaki, amsar kuma gajera ce: "Sunanka zai zauna, ka yi aikin." Ta nuna wa Gogo saƙon nasa, don ta san daga Gogo sai kunnen Alhaji.

Alhaji dai bai motsa ba. Abin da ya motsa jininsa ne. Ya daɗe da hawan jini, 'yarsa ta sha aika masa ta bakin Gogo cewa ya riƙa taka ƙasa da safe, shi kuwa yana ganin dattijo ba ya yawo ba dalili. Da jiri ya kayar da shi a ƙofar masallaci, aka kai shi wani asibiti a Jimeta, wurin wani likita mai suna Callistus.

"Baba, magani kaɗai no go do am, ba zai isa ba," in ji likitan. "Sai ka yi tafiya kullum da safe. Ba daga Turai na ɗauko ba, nan Damare aka yi binciken, a kan tsofaffi irinka. Da shi nake aiki, duk majinyatana na sa su." Ya juyo masa da kwamfuta. "Ga shi, H. Bappayo. Ah, sunanku ma ɗaya. Ka san shi?"

Gogo da ta rako shi ta buɗe baki, Alhaji ya dube ta, ta rufe.

"Ana dai ji," ya ce.

"Ko wane ne, Allah Ya yi masa albarka. Ya yi aiki."

Suka komo Yola a Keke Napep. Sai a ƙofar gida ya tambayi Gogo, yana gyara hula.

"In yarinyar nan ta auri Abdulhakeem, me za a rubuta a wurin sunan nan da likita ya nuna?"

"Sunansa. Shi ya faɗa."

"Ɗayan fa?"

"Ya ce ba zai taɓa ba. Na gani da idona."

Washegari bayan sallar asuba aka ga Alhaji Bappayo yana taka ƙasa a unguwa, hannu a baya, fuska a ɗaure kamar wanda ke zuwa wani muhimmin wuri. Da ya dawo ya ce wa Gogo, "Yaron nan mai yawan baki, ya turo manyansa."

Kawun Jambutu ya zo da goro. Abdulhakeem ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan ya zo ɗaurin auren cikin babbar riga, don ɗan gida ne. Wasu daga cikin tsofaffin Damare ma sun zo, waɗanda ba su koma garuruwansu ba, suka ce ai su ne suka haɗa abin. Aka ɗaura, aka yi fatiha, liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, Gogo ta sa musu albarka da Fulatanci har muryarta ta dushe.

Ran nan amarya ta aika wa ango saƙo:

"Mutumin Mubi, yau ma bugun ya yi yawa?"

"Ki zo da na'urar ki gani, matata."

Bayan biki Usaid ya ɗauki al'adar zuwa Gwadabawa da sassafe ya raka surukinsa tafiya. Ba sa yawan magana. Ya koyi darasinsa, ko da wasa bai sake faɗar sunan ba. Wata safiya, sun kusa komowa gida, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Shafin nan da kuke dubawa. An ƙara?"

"An ƙara, Baba. Wasu likitoci daga Kamaru sun ambaci... yarinyar nan."

Alhaji ya tsaya. Ya dubi hanya gaba da baya, babu kowa sai awaki.

"Kai ba ubanta ba ne," ya ce. "Faɗi sunan."

"Dakta Hanifa Bappayo."

Tsohon ya ci gaba da tafiya, idonsa a kan hanya.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Sake faɗa."