Ƙarar da ke Bayan Muryar Sajo

Ranar Lahadi da hantsi Hajjo ta shiga ofishin 'yan sanda na Kabo da waya a hannu. Mahaifinta Sajo, makiyayi a Gammo, ya fita kasuwa tun Juma'a bai dawo ba. Gobe Litinin kuma shi kaɗai ne shaida a shari'ar gonar wasu marayu.

Jiya ya kira ta da ƙaramar wayar da yake ɓoyewa a hula, ta naɗi maganar. Sufeto Zailani ya kara a kunne. Dattijon raɗa yake yi. Ya ce an ɗaure masa ido aka kawo shi, ɗakin ba taga, numfashi yana yi masa wuya. Sai wayar ta mutu.

A bayan muryar akwai wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, tana tsayawa tana ci gaba. Kofur ɗin da ke tare da shi ya ce keken ɗinki ne. Sufeto ya ce keke ba ya tsayawa ya yi tunani.

Suka kai wa Malam Mahbub, mai gyaran kwamfuta a Gwarzo. Ya saurara ido rufe, ya ce kibod ɗin kwamfuta ne, kuma tsoho. Ya ɓalle madanni ɗaya daga wani sabo, ya nuna musu roba a ƙasa. Ya ce na dā iri-iri ne. Wani ɗan ƙarfe ne da roba mai kauri, yana sauka shiru. Wani kuma sifirin ne tsirara, in an danna sai ya lanƙwashe ya bugi gefe. Wannan ƙarar ta mai sifirin ce.

Tsofaffin kibod biyu ya sani a yankin, amma bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, don ba sa lalacewa.

Na farko yana shagon buga takardu na Hajiya Ikilima. Ta harari kofur lokacin da ya kai hannu.

"A hankali, yaro. Wannan kibod ɗin ya girme ka."

Mahbub ya ɓalle madanni. Baƙar sanda ce a ƙasa, ba sifirin. Hajiya ta tsaya a kansu har aka mayar mata.

La'asar ta yi kafin su koma Kabo, shagon buga takardu na Mudassir, inda na biyun yake. Labari ya riga su zuwa. Sabon kibod ne fil a kan teburinsa, janareta kuma yana ta ruri a bakin ƙofa. Ya ce tsohon kibod ɗin ya sayar wa 'yan gwangwan tun bara.

Sufeto ya ce ya buga masa sunansa a takarda. Mudassir ya shiga dukan madannan har tebur yana rawa.

"Roba kake duka haka? Hannunka bai saba da wannan ba."

"Haka nake bugu, ranka ya daɗe."

Mahbub ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya jawo wani kwali, ya ɗaga takardun sama. Ga tsohon kibod, mai nauyi, ba ko ƙura. Ya ɓalle madanni ɗaya, sifirin ya miƙe tsaye. Ya mayar, ya danna. Ƙas.

Sufeto ya dubi shagon tela na kusa, ƙwan lantarkinsa na ci.

"Akwai wuta a layin nan. Me janaretanka yake yi?"

Kofur ya kashe injin. Shagon ya yi tsit. Daga bayan kabad ɗin takardu suka ji ana buga ƙofa, a hankali, kamar da gwiwar hannu.

Sun sami Sajo zaune tsakanin kwalaye a ɗakin ajiya, leɓensa a bushe. Hajjo ta durƙusa tana kiransa, "Baffa, Baffa." Sai da aka tallafe shi ya miƙe.

Mudassir ya zauna a ƙasa ya faɗi komai. Shi ya buga takardar sayar da gonar ta ƙarya, kawun marayun ya sa shi, suka rubuta sunan Sajo a matsayin shaida. In Sajo ya tsaya gaban alƙali ya ce bai taɓa dangwala yatsa ba, tasu ta ƙare. Ya ce niyyarsu su sake shi ranar Talata.

Kofur ya saka wa Mudassir ankwa ya tura shi mota. Sufeto ya buɗe wa Sajo ƙofar gaba. Dattijon ya dubi gilasan a rufe, ya girgiza kai, ya zagaya ya hau bayan motar inda ba rufi.