Motar da Ta Amsa Kiran Magariba

Rana ta faɗi a Birnin Konni. Awaki sun shigo, hayaƙin tuwo ya kwanta bisa katangu. Abdulwahab, malamin dabbobi na gwamnati, yana alwala, motarsa tana tsaye cikin gida kusa da zaure.

Motar Kwatano ce, ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ta zo da allon taswira a gabanta, amma taswirar wata ƙasar Turai ce da ba ta san Konni ba. Wannan bai dame shi ba. Salula ce ta dame shi. Makiyaya ba su barinsa ya huta da kira, har ya kusa buge amalanke a Tsarnawa da waya a kunne, jandarma suka yi masa tatas. Shi ya sa ya kai motar wurin Lukman mai gyaran wuta, a sa masa na'urar magana ba tare da riƙe waya ba. Lukman ya wuni yana tsaki, wayoyin allon sun tare ko'ina. Ya yanke nan, ya ɗaure can, ya haɗa abin da lasifikar taswirar. Don burgewa kuma, ya saita ta ta riƙa amsa kira da kanta.

To, nan aka yi ɓarnar. Kowane yaro a Konni ya san ba a amsa kiran magariba sai an ga mai kira. Mota kuwa ba ta da kakar da za ta gaya mata.

A yammacin nan Abdulwahab ya aiki ɗiyarsa Tsahara, 'yar lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauko masa salular da ya bari a mota. Tana buɗe ƙofa wayar ta yi ƙara, na'urar ta amsa. Wata murya ta fito a hankali, kamar daga ƙasan rijiya.

"Ɗiyar gida."

"Na'am," in ji Tsahara.

Daga wannan na'am ba ta sake magana ba. Kullum in rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara zuba bisa kwano, allon motar ya kama da kansa ba mabuɗi, Tsahara ta je ta tsaya jikin ƙofar tana kallonsa. Ta daina ci, wuyanta ya zama kamar kara.

Abdulwahab mutumin buro ne, ɗan boko, ya ce matsalar wuta ce. Ya koma wurin Lukman, Lukman ya ce wata waya ke taɓa ƙarfe. Ya sake komawa, aka ce danshi ne. Danshi a Konni, da bazara! Likita ya duba yarinya bai ga komai ba. Takaici ya ishe shi ya cire kan batir, da magariba allon ya kama abinsa.

"Kai ta biɗar waya," in ji matarsa Nasiba. "Ɗiyarka tana ƙarewa."

Ita ce ta aiki yaron gidansu Alela aka ɗauko Malam Alkasum bisa babur, tsoho mai ƙaramar murya. Ya zaunar da Tsahara a tabarma kusa da motar, ya yi ta karatu har tsakuwar ta tsaya. Gidan ya yi tsit. Sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"An amsa mini."

"Ƙarfe ya amsa miki, ba mutum ba," in ji malam.

"Yarinya ta ce na'am. Tun da anka sare gawona don hanya nike kira ƙofa ƙofa, ba mai amsawa. Nan anka amsa, har da ladabi. Ba ni fita."

"Yaudara ta, ke ma kin sani. Mi kike so?"

Aljanar ta amsa. Muryarta a gajiye take. Danginta suna kwarin Badaguishiri, ta ɓace musu. Kullum tana duba allon nan ko za ta ga hanya, sai ruwa da garuruwan da ba ta taɓa ji ba. "Wanga allo maƙaryaci na," in ji ta.

Malam ya ce mai mota zai kai ta, ta saki yarinya. Ta yarda, amma ta ce za ta yi kira a hanya, saboda halinsu ke nan. In ya amsa, ya sake gayyatarta ke nan, kuma ba malamin da zai fitar da ita.

Washegari da la'asar sakaliya Abdulwahab ya kama hanya shi kaɗai. Ya wuce Tsarnawa, gonaki suka yi duhu. Wayar ta yi ƙara, na'urar ta amsa. Muryar wani makiyayi ce, saniya na haihuwa. Ya yi shiru. Sai muryar Nasiba. Ya yi shiru. Sai wadda ya yi makonni bai ji ba.

"Baba. Baba, ina jin tsoro. Ba ka ji na?"

Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Hawaye suka hana shi ganin kwalta sosai, amma bai buɗe baki ba. A kwarin ya tsaya gindin wani babban gawo, ya buɗe ƙofofi duka, ya fizge na'urar da wayoyinta ya ajiye a ƙasa. Allon ya mutu.

Ana sallame isha ya iso gida. Yana cikin zaure ya ji an kira daga tsakar gida, da 'yar murya a shaƙe.

"Baba?"

Bai amsa ba. Ya karɓi fitila daga hannun Nasiba, ya taka har bakin tabarma, ya haska fuskar Tsahara, ya ga leɓɓanta suna motsi da kiran. Sannan ya durƙusa.

"Na'am," in ji shi. "Na'am, ɗiyata."